An Fito da Shi da Rai: Ramukan Kuzar Bukuru da Abin da Suke Yi wa Ƙoda

A Bukuru da ƙauyukan da ke kewaye da ita akwai wata irin mutuwa da 'yan kuza suka daɗe da sani. Rami ya rufta da mutum, abokan aikinsa su duƙufa da shebur da hannuwa har su kai gare shi, a jawo shi yana numfashi, yana gane mutane, har ya nemi ruwan sha. A yi hamdala, a ɗora shi a kan babur zuwa gida ko gidan maɗori. Bayan kwana huɗu ko biyar sai a ji sanarwar jana'izarsa. In ka je ta'aziyya ka tambayi ƙaninsa yadda aka yi, amsar kusan ɗaya ce a kowane gida: fitsarinsa ne ya ɗauke, ƙafafunsa suka kumbura, ya yi ta amai da shaƙuwa, daga nan ya shiga sambatu.

Ni haifaffen Bukuru ne, jikan ɗan kuza, kuma a ɗakin 'yan haɗari na ƙare rayuwar aikina a matsayin ma'aikacin jinya. Wannan mutuwa tana da dalili, kuma an rubuta dalilin a littattafan likitoci tun kafin a haife ni. Ƙoda ce ke tsayawa, abin da ke fara tsayar da ita kuwa shi ne ƙoƙarin da jiki ke yi na ceton ƙwaƙwalwa. Abin da ke ci mini rai shi ne, ilimin da ya girmi 'yancin kan Najeriya har yau bai iso bakin ramin kuza ba. Mai son sanin abin da ya hana shi isowa sai ya bi sawun sana'ar tun daga tushe.

Daga rafi zuwa rami

Ba Turawa suka gano kuza ba. Tun kafin zuwansu akwai masu narka ta a Liruwen Kano, wato Ririwai, da Liruwen Dalma a ƙasar Bauchi. Sukan wanke yashin rafi a ƙwarya har baƙar ƙwayar mai nauyi ta kwanta, su narka ta da gawayi a murhun ƙasa, su zuba ta siri-siri, fatake su ɗauka zuwa kasuwanni. Wannan dalmar ce wakilan Kamfanin Neja suka gani a hannun 'yan kasuwa a gaɓar Binuwai, suka shiga neman inda take fitowa. A 1902 kamfanin ya turo George Nicolaus ya leƙo tudun nan. A 1903 H. W. Laws ya biyo bayansa da rakiyar soja, ya kafa sansani a Naraguta, kusa da kogin Dilimi. Ba a daɗe ba aka toshe wa masu narkawa na gargajiya hanyar samun kuza, sana'arsu ta mutu. Gonakin Birom na Gyel da Du da Zawan da Kuru kuma suka shiga cikin takardun hayar ƙasa da aka sa wa hannu ba da sanin masu su ba.

Wajen 1910 zazzaɓin kuzar Najeriya ya kama kasuwar hannun jari ta Landan, kamfanoni suka yi ta ɓullowa. A farko a ka ake ɗaukar kuza, 'yan dako su yi ta tafiya har Loko a bakin Binuwai. Jirgin ƙasa ne ya canja komai. Ƙaramin layin dogo da aka shimfiɗo daga Zariya ya iso Bukuru a 1914, a nan kuma ya tsaya. Tasha ta jawo kasuwa, kasuwa ta jawo unguwanni. A 1927 babban layi ya iso ta Kafanchan, ya haɗa mu da kwal ɗin Inugu da tashar jiragen ruwa ta Fatakwal. A 1929 aka kafa kamfanin lantarki na NESCO, mai samun wuta daga ruwan Kurra, hedikwatarsa kuwa a Bukuru take har yau. Babban kamfanin kuza na ATMN shi ma nan ya yi mazauni.

Hannuwan da suka yi aikin daga ƙasashen Kano da Katsina da Zazzau da Bauchi da Barno suka fito, har da ƙasar da Faransa ke mulka a arewacinmu. Haraji ne ya koro yawancinsu, don an ce da kuɗin Bature za a biya, kuɗin Bature kuwa a bariki yake. Wasu cin rani suka zo suka koma, wasu suka zauna suka zama kakanninmu. Ibo da Yarbawa suka riƙe aikin akawu da kanikanci da shaguna. Birom, da suka daɗe suna ƙin aikin, ƙarancin gona ya tura su ciki daga baya, mazansu da matansu.

Da kuzar saman rafi ta ƙare sai aka bi ta ƙarƙashin ƙasa, inda tsofaffin koguna suka binne ta. A kwashe ƙasar sama da diga da shebur, mata da yara su yi ta jigila da kwanon sarki a ka, har a buɗe wani makeken fili mai zurfi da bango tsaye kewaye da shi. A gindin wannan bango leburori ke aiki. Da damina ruwa ya jiƙa shi, ya yi nauyi, wata rana ya zaftaro. Mai wankin yashi a rafi rana ce ke dukan bayansa. Lebura a gindin bango ƙasa ce ke rataye a kansa. Daga nan binnewa da rai ta zama ɗaya daga cikin haɗurran sana'ar.

Abin da aka gani a jikin kare

Shekara guda kafin Nicolaus ya hau tudun nan, wani matashin likitan Amurka mai suna Harvey Cushing yana birnin Bern na Suwizalan, ƙarƙashin jagorancin Theodor Kocher. Yakan ɗura ruwan gishiri a cikin ƙoƙon kan kare, ya ƙara matsin a hankali har jijiyoyin da ke kai wa ƙwaƙwalwa jini su fara danƙarewa. Abin da ya bayyana a 1901 shi ne, duk lokacin da matsin cikin kai ya hau, ƙarfin bugun jini a jiki shi ma sai ya hau ya ɗan zarce shi. Ƙwaƙwalwa ba ta yarda a yanke mata jini. In ta ji ya ragu, ita da kanta take ba da umarnin a nemo shi ko daga ina.

Tambayar ita ce daga ina. Zuciyar baligi tana tura kimanin lita 5 na jini a minti ɗaya. Ƙwaƙwalwa, wadda ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, tana karɓar kusan kashi 15 cikin 100 na wannan jini, kuma ba ta da ajiya: a yanke mata shi na daƙiƙa goma mutum ya suma, a ƙara 'yan mintoci ta fara mutuwa. Ƙoda biyu kuwa nauyinsu bai kai kashi 1 cikin 100 ba, amma suna karɓar kashi 20 zuwa 25. Ba don ci suke karɓar wannan jini mai yawa ba, don tacewa ne. Suna tace kusan lita 180 na ruwa a yini, su mai da kusan duka cikin jiki, su fitar da lita ɗaya da rabi a matsayin fitsari. To duk inda rabo ya fi yawa, nan ake fara zuwa rance.

A jijiyoyin wuya akwai wasu 'yan wurare masu jin ƙarfin jini. Da ya faɗi sai su sanar da gindin ƙwaƙwalwa, inda ta haɗu da laka. Daga nan saƙo ke sauka ta jijiyoyi zuwa ƙananan hanyoyin jini na fata da hanji da ƙoda, a ce su tsuke. Kamar yadda mai wankin kuza ke matse bakin tiyo don ruwan ya yi ƙarfi ya kai nesa, haka jiki ke matse hanyoyin ƙasa don abin da ya rage ya iya hawa kai. Shi ya sa wanda ya yi asarar jini za ka taɓa hannunsa ka ji sanyi ƙalau, alhali yana magana da kai garau. Ita ƙodar ma tana taya a matse ta, domin da ta ji jini ya ragu sai ta saki wani sinadari da ake kira renin, wanda aka gano tun 1898, shi kuma ya ƙara tsuke jijiyoyin. In abin ya kai ga gindin ƙwaƙwalwar ne kansa ya fara rasa jini, sai ya yi kiran ƙarshe da iyakar ƙarfinsa. A wannan hali hanyoyin ƙoda kan rufe kusan ɗungum, fitsari ya tsaya cak.

Rahama ce wannan tsari, don da babu shi da yawancin masu haɗari ba su kai asibiti ba. Amma an yi shi ne don ɗan lokaci. Ƙoda tana jure minti talatin, tana jure awa ɗaya. In aka shafe sa'o'i, ƙananan bututun da ke cikinta sai su fara mutuwa, ɓawonsu ya saɓule ya toshe hanya. Ko jini ya dawo daga baya, matatar ta riga ta lalace.

Mutumin da rami ya rufta da shi kuwa duk ƙofofin nan a buɗe suke a kansa. Cinyar da ta karye tana iya shanye fiye da lita guda na jini ba tare da ɗigo ya fito waje ba. Dutsen da ya buge shi a ka yana iya kumbura ƙwaƙwalwa, ya zama abin da Cushing ya gani a jikin kare. Ƙasar da ta danne ƙirji tana hana iska shiga. Ga shi dama tun safe yake zufa a cikin rami, ruwan jikinsa ya riga ya ragu.

Landan ta 1941, Bukuru ta 1942

Saura kashi na biyu na labarin, shi kuma yaƙi ne ya tona shi. Daga Satumbar 1940 jiragen Jamus suka yi ta ruwan bama-bamai a Landan, gidaje suna rushewa a kan mutane. A asibitin Hammersmith, likitoci biyu, Eric Bywaters da Desmond Beall, suka lura da wasu da aka zaƙulo daga ƙarƙashin gini bayan sa'o'i. Sun zo da sauƙi, aka yi musu magani suka farfaɗo, sai fitsarinsu ya yi duhu ya ragu, cikin mako guda suka mutu. A watan Maris na 1941 suka wallafa bayanin mutum huɗu a mujallar likitocin Birtaniya. Daga baya Bywaters ya nuna cewa tsokar da nauyi ya danne ita ke mutuwa, in an ɗage nauyin jini ya koma cikinta sai ya kwaso dattinta: wani jan sinadari na tsoka mai toshe bututun ƙoda, da gishirin fotasiyam mai iya tsayar da zuciya. Tsokar kuma ta shanye ruwan jini ta kumbura, jinin da ke zagayawa ya ƙara raguwa, ƙwaƙwalwa ta ƙara matse ƙoda. Guba ta iso daidai lokacin da babu ruwan wanke ta.

A Oxford kuma, Josep Trueta, likitan Basalona da ya gudo bayan yaƙin basasar Sifen, ya ɗaure ƙafar zomo na sa'o'i, ya ɗauki hoton jijiyoyinsa, ya ga tsukewar ba ta tsaya a ƙafar ba, ta kai har jijiyar ƙoda. Littafin da ya fitar da abokan aikinsa a 1947 ya sa likitoci suka fara kallon ƙoda a matsayin gaɓar da jijiyoyin saƙo ke iya rufe wa jini.

Wata goma sha ɗaya bayan rubutun Hammersmith, a Fabrairun 1942, Singafo ta faɗa hannun Japan, kuzar Malaya ta kuɓuce wa Ingila. Idon Landan ya juyo kan Filato. Gwamnatin mulkin mallaka ta kafa dokar aikin tilas, abin da mutanenmu suka kira diban gwamna. Daga 1942 zuwa 1944 an kwaso talakawa kusan dubu ɗari daga lardunan Arewa, rukuni bayan rukuni, aka watsa su a filayen kuza. A 1943 abin da aka haƙa ya haura tan dubu 17, adadin da ba a taɓa kaiwa ba kuma ba a sake kaiwa ba. Masanin tarihi Bill Freund, a littafinsa na 1981 kan jari da ƙwadago a ma'adinan kuzar Najeriya, ya bi diddigin abin da wannan adadi ya ci: yunwa, cunkoso, gudawa, ciwon huhu, da gudun mutane cikin dare.

Kakana na cikin waɗanda aka ɗebo daga ƙasar Katsina. Dagaci ya rubuta sunansa, aka sa su a jirgi, suka sauka Bukuru da riga ɗaya a tsakiyar hunturu. Mu da muka tashi a nan mun san sanyin tudun da ya haura mita 1,200, su kuwa ba su taɓa jin irinsa ba. Baba Tsoho, kamar yadda muke kiransa, yakan ce sanyi da zawo sun fi ƙasa cin mutane nesa ba kusa ba, kuma gaskiya ya faɗa. Amma akwai wanda bai taɓa mantawa ba, wani ɗan garinsu da bango ya danne wa ƙafafu tun hantsi, ba a fito da shi ba sai bayan la'asar. Ya tashi ya yi sallah a zaune, ya ci tuwo. Heluma ya ce ya huta kwana biyu ya koma aiki. Bai cika mako ba.

Na taɓa tambayarsa, bayan na fara karatun jinya: "Baba Tsoho, me aka ce ya kashe shi?"

Ya ce, "Kai yaro, wa ya tambaya? Kuza ake aunawa, ba a auna mutum."

Wannan magana ita ce taƙaitaccen tarihin sana'ar. Kowace rana akwai sikeli, akwai akawu, akwai littafi, ana sanin fam nawa kowane rami ya bayar. Birnin da ya gano abin da ke kashe wanda ƙasa ta danne shi ne birnin da ya ba da umarnin a ƙara yawan masu shiga ƙarƙashinta, amma umarnin ne kawai ya hau jirgi ya iso nan. Akwai asibitin mishan a Vom tun farkon shekarun 1920, akwai ɗakunan shan magani a wasu sansanoni, sai dai lebura da ya fito da ƙafafunsa ba a lissafa shi cikin marasa lafiya.

Bayan kamfanoni

Bayan yaƙi sana'ar ta sake samun rai. A shekarun 1950 Amurka ta yi ta sayen kolombait don ƙarfen injinan jiragen sama, abin da da ake zubarwa a matsayin shara ya zama dukiya, Najeriya ta zama kan gaba a duniya wajen samar da shi. An rufe ƙaramin layin Zariya a 1957. A farkon shekarun 1960 aka buɗe masana'antar narka kuza ta Makeri. Mahaifina ya yi aikin kula da injin janye ruwa a wannan zamani, da albashinsa aka sa ni makaranta, don haka ba zan ce kuza ba ta yi mana komai ba.

Daga nan sai gangara. Kuzar da ke kusa ta ƙare, fetur ya ɗauke hankalin gwamnati, Turawa suka fara tattara kayansu bayan dokar mai da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1972. A watan Oktoban 1985 majalisar kuza ta duniya ta karye, kasuwar ƙarafa ta Landan ta dakatar da cinikin kuza, farashi ya faɗi warwas. Manyan injina suka yi tsatsa a inda suka tsaya, ramukan suka cika da ruwa suka zama dam-dam ɗin da ke cin yaranmu da dabbobinmu har yau.

Kamfanoni sun tafi, yunwa ba ta tafi ba. Sai aka koma loto. A haƙa rami mai faɗin rijiya, a yi ta nutsawa har a tarar da yashin kuza, sannan a bi shi ta gefe a rarrafe. Ana saukar da mutum da igiya, ana jawo ƙasa da guga, mata suna wanki a sama. Babu katakon tokare rufi, babu taswirar da za ta nuna inda ramin wani ya bi, ga tsofaffin ramuka cike da ruwa a maƙwabta. Yanzu da kusan rabin dalmar duniya ke tafiya wajen like wayoyin cikin waya da kwamfuta, farashi ya sake tashi, samari sun sake cika filayen Gyel da Gero da Sabon Gidan Kanar da Bisichi da Barikin Ladi. A Fabrairun 2025 gwamnatin Filato ta dakatar da haƙar ma'adinai na wani lokaci saboda matsalar tsaro. Doka kan tsayar da aiki na 'yan watanni, amma muddin akwai kuza a ƙasa da talauci a sama, za a shiga rami. Ɗan loto ya fi kakansa na zamanin kamfani kusa da binnewa, ga shi ko akawun da zai rubuta cewa bai zo aiki ba babu.

Tambayar da kunya ta hana

A shekarun aikina na ga irinsu ba adadi, amma ɗaya ya zauna mini a rai. Saurayi ne da ƙasa ta danne daga ƙugu zuwa ƙasa. An fito da shi, aka kai shi wurin maɗori, aka ɗaure cinyar tamau da karare, ana yi masa gashi da ruwan zafi, ana ba shi ƙwayoyin kashe zafi daga kemis. Sai da ya fara amai aka kawo mana shi. Na auna jininsa na tarar bai faɗi ba, har ma ya ɗan hau. Mahaifinsa ya ga lambar ya yi ajiyar zuciya.

Na ce, "Baba, yaushe rabonsa da fitsari?"

Dattijon ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Haba likita, wa ke tambayar baligi fitsarinsa?"

Babu wanda ya sani a gidan, shi kuma yaron kunya ta hana shi faɗa. Da muka sa masa roba, abin da ya fito bai cika ƙaramin kofi ba, launinsa na baƙin shayi. Awon da aka yi a dantse bai yi ƙarya ba, amma labarin ƙwaƙwalwa ya bayar, ba na ƙoda ba. Ƙarfin jini kan yi kyau daidai lokacin da ake matse ƙoda don a samar da shi. Shi ya sa tsofaffin ma'aikatan jinya ke cewa jakar fitsari ta fi abin awo gaskiya. Baligin da bai fitar da mililita 400 a yini ba, ƙodarsa na cikin haɗari ko yana dariya. Haka kuma wanda ya bugu a ka, in aka ga jininsa ya hau, bugun zuciyarsa ya yi jinkiri, numfashinsa ya rikice, ba hawan jini ne na yau da kullum ba. Ƙwaƙwalwarsa ce ke kokawa da kumburi, ba shi ƙwayar saukar da jini a gida kuwa yanke mata igiya ne.

Abokan aikinsa suka yi karo-karo, mahaifin ya sayar da babur, aka kai shi wankin ƙoda. A mako na uku fitsari ya dawo. Wannan shi ne abin da mutanenmu ba su sani ba: ƙodar da ta tsaya saboda haɗari ba ɗaya take da wadda ciwon suga ko hawan jini ya cinye a hankali ba. Bututunta suna sake tsirowa in an riƙe mai ita da rai na 'yan makonni. Injin da ke yin wannan riƙo Willem Kolff ya ƙera shi a Holan a 1943, shekarar da kuzarmu ta kai ƙololuwa. Yau akwai irinsa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya daga Bukuru ba, sai dai kuɗinsa ya fi ƙarfin yawancin 'yan loto.

Abin da ya fi wankin ƙoda araha shi ne kada a kai ga buƙatarsa. Bayan girgizar ƙasar Armeniya ta 1988 da ta Turkiyya ta 1999, inda ɗaruruwan waɗanda aka ceto suka faɗa ciwon ƙoda, likitocin duniya sun tsaya a kan magana ɗaya: a fara ƙarin ruwan gishiri tun mutum yana ƙarƙashin ƙasa, da zarar an ga hannunsa, kimanin lita guda a awa ga baligi a sa'o'in farko, ba tare da an dakatar da tono ba. In jijiyoyi sun cika, ƙwaƙwalwa ta sami rabonta, sai ta sassauta wa ƙoda, ƙodar kuma ta sami ruwan wanke dattin tsoka. Ledar ruwan gishiri ba ta kai kuɗin kuzar da ake wankewa a yini guda ba.

Don haka kirana ga shugabannin ƙungiyoyin 'yan kuza, da masu ramuka, da dillalan da ke saye, da masu unguwanni, da limamai da fastoci. Duk filin da ake loto ya kamata a san ma'aikacin lafiya mafi kusa da za a kira tun ana tono, a kuma ajiye ledojin ruwa da allura a hannunsa da kuɗin ƙungiya. Duk wanda ƙasa ta danne na fiye da awa guda asibiti za a nufa da shi, ko da ya rantse lafiyarsa ƙalau. Tsugune ba ta ƙare ba don an ga fuskarsa. Kada a ɗaure gaɓar da ta kumbura, kada a gasa ta ko a murza ta, kada a ba shi diclofenac ko ibuprofen, domin su ma suna rage jinin da ke shiga ƙoda. Maɗori yana da ranarsa, amma bayan an tabbatar ƙoda na aiki. A cikin gida kuma a sami mutum ɗaya, wa ko aboki ko mata, wanda zai ajiye kunya ya riƙa duba yawan fitsarin da launinsa safe da yamma har mako ya cika.

Na yarda kwana in ya ƙare babu mai ƙara shi. Amma addinin da ya koya mana haka shi ya umarce mu da neman magani. Tun 1903 ake auna kuzar ƙasar nan fam-fam ana rubutawa. Mu jikokin waɗanda suka haƙa ta ya kamata mu zama farkon waɗanda za su ware kuɗi da lokaci don auna lafiyar mai haƙar, mu fara daga ranar da aka fito da shi daga rami.